Ranar Da Ban Kira Shi Ba

Na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya, don kunnena bai tsufa tare da ni ba. Kuna cewa saboda kwantenar kuloli na bar yayanku ya kama hanya shi kaɗai, wai Inna ta fifita kwanon zuba miya a kan ɗan da ta haifa. Shekara da shekaru ina ji ban tanka ba, saboda ni na fara yin ƙaryar, ku raino kawai kuka yi mata. Yau da 'yar'uwarku Rakiya ta zauna gabana da biro da takarda, na ce mata kada ta gyara min magana, kada ta yayyafa min turanci, yadda ta fito daga bakina haka za ta zauna. Ban shiga aji ba, amma ban taɓa fara labari an tashi an bar ni ba.

A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi sai dai ta jira wata ta ɗaga shi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka kakata ta yi mata. Ranar da aka yaye yayanku, Goggo Delu, yayar babanku, ta goya shi ta wuce da shi sashenta. Tsakanin ɗakina da nata taku ashirin ne, na sha ƙirgawa. A nan ya girma ina kallonsa ta gefen ido. Bahago ne, kuma Goggo ba ta yarda da bahago ba, duk sa'ad da ya kai hannun hagu cikin kwano sai ta ƙwala masa ludayi a bayan hannu. Ina zaune ina tsince shinkafa nake jin ƙarar, ba na ɗago kai. Matan unguwa kuwa sai yabo, Mairo akwai kunya, Mairo ta san gidan da ta fito. Yabon nan na ɗaura shi kamar sarƙar gwal, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗinsa nake ji. In dole sai na ambace shi, sai in ce Ɗan Goggo. Shi kuma tun da na sauke farali yake ce min Hajiya, kamar yadda masu sayen kaya suke ce min. Ku ne kuka zo daga baya kuka samu Inna.

Da gwamnati ta tura shi China karatun injiniya, ban raka shi filin jirgi ba. Shekara biyar ya yi bai leƙo gida ba. A cikin shekarun nan babanku ya rasu, Goggo ma ta bi shi, ni kuma na tsaya da ƙafata a kasuwa, ina saro kuloli da tangaran daga Dubai. Sai ƙawata Asabe ta ce ai kowa ya koma Guangzhou, can ne gindin kaya. Garin da yayanku yake karatu ke nan. Na ce wa kowa araha ce ta kai ni. Araha kam akwai ta, amma ni a Dubai ma ban taɓa faɗuwa ba.

Mun sauka a unguwar Dengfeng, a wani bene da mu biyar muka kama ɗaki biyu, duk matan Kano sai wata ɗaya 'yar Damagaram. Garin zafi ne mai jiƙa zane, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Washegari yayanku ya zo gaishe mu. Ya rage ƙiba, ya ƙara tsawo a idona, ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma na kafa wa fanka ido ina amsawa. Mako biyu yana raka mu kasuwannin Liwan. Mai shago zai kaɗa mana hannu ya ce meyo, wato babu, sai yayanku ya zuba masa yarensu, kafin ka farga an buɗe ɗakin ajiya ana fito da kayan da aka ce babu. Ƙirjina kamar zai fashe don alfahari, amma abin da nake iya cewa kawai shi ne Allah ya yi albarka, shi ma bango nake faɗa wa. Ranar Alhamis aka loda kayanmu, shi ya tsaya a kan lodin har aka rufe kwantena aka sa mata hatimi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da yammacin ranar ya zauna a bakin ƙofa kamar kullum, ya fuskanci Asabe, don ta hanyarta muke magana ko da ina wurin.

"Anti Asabe, ki faɗa wa Hajiya na gama karatu, na samu aiki a wani kamfani can arewacin ƙasar. Saura mako uku in fara. Kafin nan akwai filayen wasa huɗu da na yi wa kaina alkawarin zan zaga. Na farko a garin nan yake, jibi Asabar bayan azahar. Ina so ku zo ku gani."

"Wane wasa? Ƙwallo?" in ji Asabe.

"Ƙwallo ce, amma da kulki ake dukanta. Besbol ake ce masa."

"Akwai raga?"

"Babu raga, Anti."

"To ni wasan da ba raga ban san me ake ci ba. Amma za mu zo, ko don mu ga ƙarshen rashin aikin yi."

Ranar Asabar kuwa Asabe ta kwanta ta ce ƙafarta ta kumbura. Na duba ƙafar, lafiyarta ƙalau. Na ce mata to a fasa. Ta ce yaro ya riga ya tsayar da tasi a ƙasa, in ina so in kunyata shi gaban direba, bismillah. Haka na ja mayafi na sauka. Ya zauna gaba, na zauna baya, ban da kukan mota ba abin da ya shiga tsakaninmu har muka isa.

A bakin ƙofar filin akwai wani tsoho mai yage tikiti, haƙoransa ba su fi huɗu ba. Yana hango yayanku ya ƙwala masa kira da sunansa, sunan nan dai da liman ya raɗa masa, ya buga masa kafaɗa yana dariya. Na tsaya ina kallon bakin tsohon. Mutumin da bai san alƙibla ba, yana juya sunan a harshensa kamar alewa, ni da na yi naƙudarsa kwana biyu ban taɓa ɗanɗanawa ba.

Muka haura matattakala, fili ya buɗe a gabanmu. 'Ya'yana, na ga Makka, na ga Madina, na ga benayen Dubai, amma ban taɓa ganin ciyawa an mutunta ta haka ba. Shar da ita, an aske ta layi-layi kamar kitson amarya. A tsakiya an fitar da jar ƙasa irin ta hanyar ƙauyenmu, an share ta an yayyafa mata ruwa, an ja mata farin layi. 'Yan wasan kuwa fararen wanduna suka sa, da su kuma suke zubewa a jar ƙasar nan suna jan ciki, har na tausaya wa mai yi musu wanki. Mutane ba su cika wurin ba. Can gefe guda wasu matasa sun taru da ganguna suna ihu, shi kuwa ya zaɓar mana wani ɓangare da ba kowa, don ya san ba na son cuɗanya da maza. Na zauna, na ajiye jakata a kujerar da ke kusa da ni, shi ya zauna a ta gaba da ita. Jakar nan ce ta zame mana Asabe.

Wasan masu haƙuri ne. Ɗaya ya tsaya a kan ɗan tudu yana jifa, ɗaya ya riƙe kulki kamar gajeriyar taɓarya yana jira, wani kuma ya tsugunna a bayansa da ƙarfe a fuska kamar mai dakon kama kaza. Sai a jefa, a tsaya, a yi shawara, a share gumi, a sake jefawa. A cikin tsaye-tsayen nan ne yayanku ya yi magana. Idonsa na kan fili, nawa ma na kan fili, saboda haka ba wanda ya kalli wani, kuma ban karya komai ba. Ya ce shekararsa ta farko a garin ba ya jin ko kalma ɗaya, in ya shiga mota mutane sukan matsa su bar masa kujera biyu. Wata rana yana tafe a bayan katangar nan ya ji ƙas, ƙarar katako ya daki abu, sai ya leƙo. Tsohon nan ya bar shi ya shiga kyauta. Ya ce a nan ne kaɗai mutum zai zauna awa uku shi ɗaya ba a ce masa me ya same ka ba. Maganar da ya yi min a wunin nan ta fi duk wadda ya yi min tun haihuwarsa in an haɗa.

Can aka canja mai jifa. Ya nuna shi da haɓa.

"Hajiya, kin ga wancan? Bahago ne. A wasan nan nemansu ake yi, sun fi tsada."

Yana faɗa yana shafa bayan hannunsa na hagu, ban ce ya san yana yi ba. Na ji ƙarar ludayin Goggo a kunnena kamar yanzu aka yi. Na ce, "To."

Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da takardu biyu ƙanana, ya ɗora su a kan jakata.

"Tikitin jirgin ƙasa ne, jibi da safe. Shanghai, daga nan Tianjin, sai Beijing. Kwana goma sha biyu, in dawo da ke har ɗaki kafin jirginku ya tashi. Gadon ƙasa na karɓar miki saboda gwiwarki. Kowane gari na tambayi inda Musulmi ke sayar da abinci, masu fararen hulunan nan da ke jan taliya da hannu."

Ban taɓa gaya masa gwiwata na ciwo ba. Ko Asabe ban gaya wa ba. Ashe shi ma ta gefen ido yake kallona duk tsawon shekarun nan.

Na ce, "Zan duba."

Allah ne shaidata, a lokacin na riga na gama dubawa. A zuciyata har na ware zannuwa uku da zan tafi da su, har na ga kaina a bakin tagar jirgi ina ɓare masa gyaɗa. Tun da yake bai taɓa roƙona ko allura ba, sai ranar.

Ya ce bari ya sayo mana ruwa, ya sauka. Jim kaɗan na hango shi yana haurowa, gora ɗaya a kowane hannu, ya ba fili baya, fuskarsa na kallona, yana ɗan murmushi. Sai na ji ƙas. Ƙwallon ta tashi sama, ta karkace, ta bar filin ta nufo ɓangarenmu. Masu ganga na ta dukansu, ba wanda ya kula, kuma ɓangaren ba kowa sai ni. Na gan ta tun tana can sama kamar farar tantabara, na ga ta tsaya, na ga ta juyo, na ga inda za ta sauka. Lokacin da na samu zai ishi mutum ya yi bisimilla sau biyu. Na buɗe baki. Sunan ya taso daga cikina, ya zo maƙogwaro, ya zo bayan haƙorana, ya tarar da ƙofa a rufe, ƙofar da na yi shekara ashirin da bakwai ina gyara mata sakata. Abin da ya fito shi ne Ɗan Goggo, a hankali, da muryar da ake aiken yaro a tsakar gida. Ko jakata ba ta ji ba.

Ta same shi tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Gorunan suka kufce suka gangara, ya durƙushe a kan matattakala. Rakiya, rubuta wannan ma, kada ki tsallake: ban tashi ba. Hannuna biyu na damƙe da jaka. Tsohon mai yage tikiti ne ya hauro da gudu yana haki, yana kiran sunan, yana mulmula masa wurin. Wani ma'aikaci ya zo karɓar ƙwallon, don mayar musu ake yi, tsohon ya fatattake shi da masifa ya danƙa ta a hannun yayanku.

Da ya dawo ya zauna, ya daɗe yana juya ta a tafinsa. Fara ce, da jan ɗinki zagaye da ita kamar na dukawa.

"Kin gan ta, Hajiya?"

"Na gan ta."

"Tun daga sama?"

"Tun daga sama."

Ya yi 'yar dariya. "Ba komai. Ƙashi bai taɓu ba."

Da ya yi fushi, da ya ce me ya sa, wataƙila da na samu bakin magana. Amma bai ga abin mamaki a ciki ba, haka ya san ni. A nan ne wata kunya ta kama ni, ba irin wadda matan unguwa ke yaba min ba. Na hango kwana goma sha biyun nan, tasha bayan tasha, dubban mutane, shi yana gaba da kaya ni ina baya da gwiwa, in ya yi nisa ba ni da abin da zan tsayar da shi. Kullum sai ya ga abin da ya gani yau. Na ga gara ya ɗauke ni mai son dukiya da ya yi kwana goma sha biyu yana kallon uwar da ba ta iya ce masa kauce ba.

Na ce, "Tafiyar nan ba za ta yiwu ba. Ba a loda kayana ba, sai Laraba."

Na ce ku riƙe maganar Alhamis. Shi ya tsaya a kan lodin, shi ya karanta min lambar hatimin. Aka jefa ƙwallo biyu, sannan ya ce,

"Haka ne. Na manta."

Ya ɗauke takardun nan biyu daga kan jakata, ya ajiye ƙwallon a gurbinsu. Muka kalli wasan har ƙarshe. Har yau ban san wa ya ci ba.

Da na koma ɗaki Asabe ta tashi zaune, ƙafa ta warke. Na ba ta labari yadda na ba ku. Sai ta ce,

"Mairo, kunyar nan taki wa za ki kai wa ita? Goggo Delu tana ƙasa. Mijinki yana ƙasa. Wa ke kallonki a China?"

"Allah na kallona."

"Allah ne ya ce kada ki kira ɗanki? Nuna min a wace sura, ni ma in je in daina kiran nawa."

Na ce mata ba ta san gidanmu ba. Ta ce ta san shi sarai, gidan da ake yi wa bango magana. Kwana biyu ba mu ci a kwano ɗaya ba. Ranar Litinin bayan asuba na ninke zannuwan nan uku na sa a jaka, na ɗaura mayafi, na zauna a bakin gado da jakar a cinyata. Tashar ba nisa, nan bayan kasuwar Liuhua take, na san hanya. Ina zaune rana ta fito, ina zaune masu shagunan waya suka ɗaga ƙofofinsu, har Asabe ta dubi agogo ta ce min jirgi ya yi awa guda da tashi, in cire mayafin kada zafi ya kashe ni.

Ya zaga filayensa uku. Daga kowanne ya aiko da hoto, suna nan a ƙasan adakata. A kowane hoto yana zaune shi kaɗai, kujerar gefensa ba kowa sai gorar ruwa. Ban sani ba ko da gangan ne, ban kuma tambaya ba. Ya kama aikinsa a arewa, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'yan da Hausarsu sai ka kasa kunne. Bai taɓa yanke min alheri ba, kun sani, duk Juma'a yana kira, Hajiya ina wuni, ya gwiwa, me ake buƙata. Amma daga ranar nan bai sake cewa zo mu je ba, ko nan da ƙofar gida. Na koma Guangzhou sau huɗu bayan haka. A zuwan ƙarshe na sa wani ɗan Kano mai canji ya rubuta wa direba sunan filin, na tafi ni kaɗai. Ba lokacin wasa ba ne, ƙofa a kulle. Tsohon yana zaune a kan kujera yana shan shayi, ya ƙura min ido, sai ya ambaci sunan yana nuna ni da yatsa, alamar ke ce uwarsa. Na gyaɗa kai. Ya buɗe min na hau, na zauna inda muka zauna, na ajiye jakata a ƙasa. Ba kowa sai wani mutum can nesa yana ba ciyawa ruwa.

Ba zan zagi al'adar gidanmu ba, mutanen kirki ne suka ba ni ita, kuma na riƙe ta yadda ba wadda ta riƙe a unguwarmu. Amma kun lura, da Rakiya ta haifi nata na fari tana kiransa da suna har da lanƙwasa murya, ban ce mata uffan ba. Ina jin ta, ina bin ta a zuci. Yanzu gwiwar ta gama, likita ya ce ko jirgin Legas ba nawa ba ne, balle na China. Ƙwallon tana nan cikin zanen da zan tafi da shi ban tafi ba, ta yi ruwan ƙasa, ɗinkin bai saki ba. In na rasu a mayar masa da ita. Wannan babin kuwa kada a jira, Rakiya ta ɗauki hotonsa a waya ta tura masa kafin Juma'a, ya karanta shi kaɗai. Ya san ba kwantena ba ce, ya daɗe da sani. Abin da bai sani ba shi ne bakina ya buɗe a ranar, kuma tun daga ranar, kullum in na idar da sallah sai na ga farar abar nan ta taso daga sama, shi yana haurowa da gora biyu, yana min murmushi.

Rakiya ta ɗago kai tana kallona, ta tsayar da biro. Rubuta, ke dai, yadda zan faɗa.

Habibu, kauce.